Tsohon Kwale-kwale da Haƙƙinsa a Kan Mai Shi

Ƙasarmu ta Gwarzo da Kabo ba ƙasar babban kogi ba ce, kuma sun da kakanninmu suka sani shi ne na gora da koma, a rafi ko a tafki, idan ruwa ya ja baya. Sai da aka shiga giggina madatsun ruwa a jihar Kano, tun daga zamanin Gwamna Audu Bako, har aka sami irin su Guzuguzu da Magaga a ƙasar Kabo, da Pada a ƙasar Gwarzo, da Kusalla da Challawa a maƙwabciyarmu Ƙaraye, sa'an nan ruwa mai zurfi ya zauna mana rani da damina, kwale-kwale kuma ya zama abin neman abinci. Saboda haka mun karɓi jirgin, amma ilmin riƙonsa, wanda mutanen Yawuri da Nufawa suka gada kaka da kakanni, bai gama zaunawa a hannunmu ba tukuna. Ni kafinta ne, gyaran waɗannan jiragen da injunansu ita ce sana'ata, kuma abin da idona ke gani a bakin ruwa shi ya wajabta mini wannan rubutu, domin masunta, da masu fito, da kuma 'yan birni masu zuwa ranar hutu su yi hayar tsohon jirgi su jefa ƙugiya don nishaɗi.

Galibin wanda zai kira ni ya nuna mini jirginsa, maganarsa ɗaya ce, watau "ɗan yoyo ne kawai, yaro yana kwarfewa." Alhali kuwa duk jirgin da ya kai ga sai an ɗauki yaro da kwano musamman don kwarfar ruwa, to, ya daɗe da fita daga haddin lafiya, ko da fentinsa yana sheƙi. Ruwan da ke kwance a cikin jirgi illarsa ta wuce nauyi kurum, domin ba ya tsayawa wuri ɗaya: da zarar masunci ya karkata zai jawo taru, sai ruwan nan gaba ɗaya ya kwararo gefen da aka karkata, ya ƙara masa rinjaye, har bakin jirgi ya sha. Mutane da yawa da suka ce iska ce ta kifar da su, idan an bi diddigi, za a tarar da ruwan cikin jirgin ne ya ƙarasa abin da iskar ta fara.

Asalin yoyo a tsohon jirgin katako, a mafi yawan lokuta, yana wurin ƙusa. Ƙusar baƙin ƙarfe wadda ake buga rufin ɗaki da ita, idan ta shekara biyu ko uku tana jiƙa tana bushewa, sai ta yi tsatsa ta sirance, tsatsar kuma ta ci naman katakon da ke kewaye da ita, har ramin ya fi ƙusar faɗi, allo ya riƙa motsi a kan haƙarƙarinsa duk sa'ad da aka taka shi. Alamar wannan ciwo a bayyane take ga wanda ya san ta, ita ce wani baƙin zane da ke gangarowa daga kan kowace ƙusa. Ina roƙon kowane mai jirgi ya koyi gwaji guda biyu waɗanda ba su bukatar ko sisin kwabo. Ya kife jirgin a tudu, ya bi allunan ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da ƙotar guduma, domin lafiyayyen katako amonsa a tsaye yake, ruɓaɓɓe kuwa dushe-dushe; sa'an nan ya ɗauki tsinin wuƙa ya danna a gindin haƙarƙari, da kusurwar baya inda ruwa ke taruwa, da wurin da ake ɗaura inji, duk inda wuƙa ta nutse ba da wahala ba, to, wannan allo ya gama aikinsa. Idan an zo mayarwa, a nemi ƙusa mai rufin farin ƙarfe wadda ba ta saurin tsatsa, a huda mata sabon wuri a jikin katako mai rai, a toshe tsohon ramin da ƙaramin turken itace. Tsadarta ta ɗan fi ta baƙar ƙusa, amma bambancin bai kai kuɗin kamun yini guda ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai a wannan sana'a shi ne facin gwangwani da kwalta a kan ruɓa. Mutum zai fasa gwangwanin man gyaɗa, ya shimfiɗa a kan wurin da ke yoyo, ya bi shi da ƙananan ƙusoshi, ya malala kwalta, ya ce ya yi gyara, bai sani ba ya kulle danshi ne a ƙarƙashin ƙarfe, inda iska ba ta kai wa, ruɓar ta ci gaba da yaɗuwa a ɓoye kamar gyambon da aka ɗaure ba a wanke ba. Kwalta tana da amfani ƙwarai, amma a muhallinta. Sai an bar katako ya bushe, an kankare tsohuwar kwaltar da dattin da ke tsakanin alluna, an cusa auduga ko zaren rama da bakin kurfi daidai gwargwado, ba a tura da ƙarfin da zai tsaga allon ba, kana a bi da kwalta mai zafi. Allon da ya mutu kuwa cire shi ake yi ɗungum, a sa busasshen katako mai ƙwari irin na maɗaci idan an samu, domin ɗanyen katako zai tsuke bayan 'yan watanni ya buɗe sabuwar kafa.

Sha'anin ajiya ma yana da nasa hukunci. Jirgin da aka jawo tudu a lokacin hunturu, iskar nan mai bushewa tana tsotse shi har a hango haske ta tsakanin alluna, don haka kada a mayar da shi ruwa a ɗora masa kaya a ranar. A bar shi a bakin gaɓa ya kwana biyu yana sha, katakon ya kumbura, gaɓoɓin su haɗe. Kada a ajiye shi a kan tsurar ƙasa saboda gara, a ɗora shi a kan duwatsu a kife, a inuwa. Da damina kuma kada a bar ruwan sama ya kwana a cikinsa.

Wanda jirginsa ke da inji, galibi irin tsofaffin Yamaha ɗin nan da ake gauraya musu fetur da baƙin mai, ya kamata ya san cewa mafi yawan abin da ake kira lalacewar inji daga mai yake farawa. Ma'aunin da aka saba da shi ga irin waɗannan shi ne kashi 1 na baƙin mai cikin kashi 50 na fetur, watau rabin lita a tanki mai lita 25, sai fa idan takardar injin ta faɗi wani abu dabam, kuma da mazubi ake aunawa, ba da ido ba. Idan inji ya ƙi tashi, kafin a kwance kafireta, a zuba fetur kaɗan a farar kwalba a duba, in akwai ruwa zai kwanta a ƙasa; a cire fulogi, in ya yi baƙi ya jiƙe to mai ya yi yawa, in ya yi fari fat to injin yana zafi fiye da kima. Akwai wani siririn ruwa da ke tsartuwa daga bayan inji muddin yana aiki, wanda shi ne shaidar famfon sanyaya shi yana da rai. Ranar da ya ɗauke, wajibi ne a kashe injin nan take, domin robar famfon ce ta cinye, ko laka da ciyawa sun toshe mashigar ruwa, kuma 'yan mintoci kaɗan sun isa inji ya ƙone. Haka nan a riƙa cire farfela a duba bayanta, saboda zaren taru yana naɗewa a wurin ya yanke robar da ke tsare man giya, wanda idan aka tsiyaye shi aka ga ya yi fari kamar madara, ruwa ya riga ya shiga.

Babu wanda ke zaune a yammacin Kano da ya manta da ranar 30 ga Nuwamba, 2021, sa'ad da jirgin da ya taso daga Badau zuwa Bagwai ya nutse a ruwan madatsar Watari, mutane fiye da ashirin suka riga mu gidan gaskiya, akasarinsu yara 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi, Allah Ya jiƙansu da rahama. Abin da aka fi ambata a matsayin sababi shi ne lodi fiye da kima, kuma ya kamata a fahimta cewa tsohon jirgi, wanda katakonsa ya sha ruwa shekara da shekaru ya yi nauyi, ba zai ɗauki abin da ya ɗauka yana sabo ba. Malamanmu na Malikiyya ba su bar wannan babi ba, domin a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid an bayyana cewa masu sana'a suna lamunce abin da aka damƙa musu, mai jirgi kuma ba ya cancantar ladan fito sai ya isar da kaya inda aka nufa. Rangwamen da aka yi masa na rashin biyan abin da ya nutse, malamai sun ƙayyade shi da sharaɗin bai yi sakaci ko ƙetare haddi ba. Wannan hukunci ya hau kaina ni mai gyara, ya hau kan mai jirgi, shi ya sa ba na yarda in yi faci a inda na san canjin allo ne magani, ko da mai shi zai yi fushi ya tafi wurin wani.

Shawarata ga sarakunan ruwa da shugabannin masunta a Guzuguzu da Magaga da Pada ita ce, su sa rana guda a cikin bazara, kafin ruwan farko, a jawo kowane jirgi tudu a kife shi a gwada a gaban jama'a. Wanda ya tsallake gwajin a ja masa layin fenti a gefe, kimanin taƙi guda ƙasa da baki, ya zama sharaɗi cewa idan ruwa ya taɓa layin nan ba a ƙara ko buhu ɗaya, kuma kowane jirgi ya riƙa tafiya da filafili na biyu, da kwanon kwarfa ɗaure da igiya, da rigar kariya ko jarka rufaffiya ga kowane mutum da ke ciki.