Yadda Ake Lissafin Abin da Zai Shiga Aljihu In Ka Riƙe wa Mai Jego Aji a Diffa

In cikin malama ya tsufa, darakta yakan aiko yaro a kira ka: "Malam, zo ka riƙe mana aji kafin Madan ta dawo." Kai kuma ga takardarka ta koyarwa a jaka, ba aiki, sai ka ce "to" tun ba a yi zancen kuɗi ba. Kunya ce, na sani, amma kunyar ranar farko ita ke zama rigimar ƙarshen wata.

Fara da tambayar wa zai biya. A makarantar gwamnati, galibi sufeto ne ke turo wani daga cikin malaman da suke da albashinsu ko 'yan kwantiragi, ko kuma a haɗe aji biyu wuri ɗaya. In darakta da kansa ya neme ka, to kuɗin daga kwamitin makaranta zai fito, wato CGDES, kuma asusun kwamiti karo-karon iyaye ne. A ƙauyukan bakin Komadugu, wajen Geskeru ko Shetimari, aljihun iyaye yana bin kasuwar jan tattasai. Saboda haka ka zauna da ma'ajin kwamiti, ka ji ko kuɗin na hannu ko sai an sayar da amfanin gona. A makarantar kuɗi kuwa, mai makaranta ne abokin maganarka, ba darakta ba.

Daga nan sai ƙidayar kwana, kuma nan ne aka fi yi wa mutane kwange. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta ba mace hutun haihuwa na mako 14: shida kafin ta sauka, takwas bayan haihuwa, da ƙarin mako 3 in likita ya tabbatar da rashin lafiya. Za ka ji ana cewa "wata uku ne kawai". Ba wata uku ba ne, kwana 98 ne. A ce kun shirya a kan jika 60 a wata, wato sefa 2,000 a rana. Wata uku 180,000 ke nan, kwana 98 kuwa 196,000. Jika 16 sun salwanta a cikin kalmar "kawai". Ka kuma buɗe kalandar makaranta a gaban mai biya: in hutun ƙarshen Disamba ya faɗo cikin kwanakinka, za a biya shi ko za a zare? In Madan ta ƙara mako 3, farashin ranar yana nan yadda yake?

Sai abin da ake yankewa. In makarantar ta yi maka rajista a asusun CNSS, kashi 5.25 cikin 100 na albashinka ne rabonka na fansho. A kan jika 60, sefa 3,150 ke nan duk wata, saura 56,850. A kan 196,000 gaba ɗaya, 10,290 za su fita. Akwai kuma harajin albashi, ITS, wanda ke farawa daga kashi 1 ya haura har 35 ga manyan masu albashi, yana kuma sassautawa ga mai iyali. A irin wannan albashi ba shi da yawa, amma ka nemi a rubuta adadinsa a takardar biya. Wanda ya ce ya yanke maka kuɗin CNSS, ya ba ka lambar rajistarka. In babu lamba, to babu dalilin yanka. Kada kuma ka manta mafi ƙarancin albashi a Nijar ya koma sefa 42,000 daga Janairun 2024. Mai aikin cikakken lokaci da aka yi wa tayin jika 30 yana da bakin magana.

Abu na gaba na Diffa ne, mutumin Yamai ba zai gane shi ba: da wane kuɗi za a biya ka? Nan naira na yawo a kasuwa kamar a gidanta. A 2023 ƙanwata ta riƙe aji a wata makarantar kuɗi, aka yi ciniki da baki a naira. Kafin mai jego ta dawo naira ta zube. Ina zaune a tabarma ta dawo daga wurin ɗan canji, ta zazzage kuɗin a kan faifai, ta ƙirga sau biyu, ta ɗago ta ce, "Yaya, ko kuɗin hayar ɗaki bai cika ba." Ba wanda ya cuce ta da gangan, cinikin ne ba a ɗaure shi ba. Ka yi cinikinka a sefa. In dole sai naira, a rubuta cewa da canjin ranar biya za a lissafa.

Yanzu cire naka kashe-kashen. In zuwa da dawowa na cin maka sefa 500 a rana, kwana 5 a mako, mako 14 sun lashe jika 35. In makarantar na can kan hanyar Maine-Sorowa ko Ngigmi, ka tambayi ko akwai ɗakin kwana, domin tun dokar ta-ɓaci ta Fabrairun 2015 zirga-zirga a jihar ba ta mai gaggawa ba ce. Za a turo maka kuɗin ta Nita ko Airtel Money? A faɗi wanda zai ɗauki kuɗin cirewa. Abin da ya rage bayan duk wannan shi ne albashinka na gaskiya, shi za ka duba ka ce ka yarda ko a'a.

Ƙarshe, takarda. Shafi ɗaya ya isa: ranar farawa, ranar da ake sa ran Madan za ta dawo, kuɗin wata, kuɗin rana, abin da za a yanke, ranar biya, sa hannunka da na mai biya da shaida ɗaya. Kwafi biyu, ɗaya a jakarka. Kujerar ta mai jego ce, ranar da ta dawo aikinka ya ƙare, don haka ka karɓi takardar shaidar aiki kafin ka miƙa rajistar aji. In an hana ka hakkinka, ofishin sufeton ƙwadago na nan cikin garin Diffa, kuma abin da za su fara tambayarka shi ne wannan shafi. Malam, kada ka ɗauki alli sai an sa masa hannu.