Gwajin Tagogi da Ƙofofi Kafin a Karɓi Sabon Gini

Sau da yawa akan gama ginin ofishin Hakimi, ko kotu, ko makaranta da rani, a biya ɗan kwangila ya tafi abinsa. Sai hadarin farko ya taso daga gabas da iska, ruwa ya bi gefen taga ya jiƙa littattafan ofis. A nan ba sauran wanda za a kama. Saboda haka lalle ne Hakimi ya sa a gwada kowace taga da ƙofa kafin ya sa hannu a takardar karɓa.

Ga yadda ake yi. Bayan siminti ya bushe sarai, sai a rufe taga, mutum guda ya tsaya a ciki da tocila da alli, wani kuma a waje da mesar ruwa. Na waje ya riƙe bakin mesa kamar ƙafa 1 daga jikin taga, ya dinga fesa wa mahaɗa mai tsawon ƙafa 5 ruwa har minti 5, sa'an nan ya matsa gaba. Inda babu famfo, garwa mai huje-huje ta fi babu.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne a fara daga ƙasa a yi sama. In an fara daga sama, ruwa zai gangaro ya jiƙa ko'ina, ba kuwa wanda zai san ta inda ya shiga. Watau a soma da gindin taga, sa'an nan gefuna, daga bisani saman. Duk inda danshi ya ɓullo, na ciki ya zaga wurin da alli. Yawancin yoyo ba ta gilashi yake ba. Yakan bi tsakanin ƙarfen taga da bango, inda magini ya yi rowar siminti, ko kuwa daɓen gindin taga ne ya karkata ciki maimakon waje. Dokin ƙofa ma haka ne in bai ɗara daɓen waje tsawo ba.

Amma a sani mesa ba hadari ba ce, gama iska ce ke tura ruwa cikin tsaga. A Amurka akwai ƙa'idar ASTM E1105, inda ake liƙa akwati a bayan taga ta ciki a zuƙe iska, ana fesa lita 3.4 a kan kowace murabba'in mita cikin minti guda. Tun da ba mu da wannan na'ura a gundumomi, tagogin gabas a gwada su sau biyu, a kuma sake duba su ranar ruwan farko.

Malamin ofis ya rubuta ranar gwaji, da ɗakin, da inda aka ga yoyo, ɗan kwangila ya sa hannu. In ya gyara, a sake gwajin tun daga ƙasa kafin a ba shi sauran kuɗinsa.