Darasi: Yaushe ake rufe tabki, yaushe ake buɗe shi ga masu su?

Ƴan uwa makiyaya da manoma na Karofane da kewaye, darasinmu na wannan karo ya shafi kifi. Wani zai ce mi ya haɗa ma'aikatar kiwo da kifi? Amsa ita ce tabki. Inda shanunku ke shan ruwa, nan kifin yake, kuma abin da ya ɓata ruwan ga ɗaya ya ɓata shi ga ɗayan.

Ƙasar Adar ba ta da kogi mai gudu duk shekara. Abin da muke da shi tabkuna ne da baraji. Akwai masu riƙe ruwa har damina ta zagayo, kamar tabkin Tabalak bisa hanyar Tawa zuwa Abalak, akwai kuma masu ƙafewa da bazara. Furojen Keita, wanda anka fara a 1984 da taimakon Italiya da hukumar FAO, ya gina baraji da dama, daga baya aikinsa ya taɓo ƙasar Buza da Abalak. Da yawan wuraren nan kifi bai zo da kansa ba, zuba shi anka yi. To, abin da anka zuba da kuɗi da wahala, dare ɗaya ya isa a kwashe shi in ba a yi tsari ba.

Yadda kifi ke hayayyafa

Kifayen da anka fi samu wajenmu su ne tarwaɗa, da gargaza wadda wasu ke ce ma karfasa, da gaiwa.

Tarwaɗa tana jiran ruwan sama. In tabki ya cika ya malala cikin ciyawa, sai ta fito baki-baki da dare ta zuba ƙwai, dubbai bisa dubbai, su maƙale ga haki. Cikin kwana ɗaya ko biyu sun ƙyanƙyashe. Lokacin nan ne ta fi sauƙin kamu, yaro da sanda ma sai ya kashe ta. Ke nan kuma lokacin da kamun ya fi ɓarna.

Gargaza dabararta daban ce. Namiji na haƙa ɗan gurbi cikin yashi inda ruwa ba shi da zurfi, mace ta zuba ƙwai, sa'annan ta kwashe su cikin bakinta. Haka za ta riƙe su wajen kwana 10 zuwa sati 2, ba ta cin abincin kirki. In raga ta kama ta, sai ta tofar da su duka. Wanda ya ja taru bisa gurabun nan, ba uwa ɗaya ya ɗauka ba, ɗaruruwan ɗiya ya zubar. Gargaza na son ruwa mai ɗumi. In sanyi ya kama sai haihuwa ta tsaya, ci ma ya ragu.

Gaiwa ita kam ta san ƙasarmu. In ruwa ya ja, sai ta nutsa cikin laka ta kwanta har damina. Masu tono ta da rani su riƙa barin wasu.

Abin da ake yi a ƙasashen sanyi

Rufe ruwa ba dabarar wuri ɗaya ba ce. Can arewacin duniya, kamar Finlan da Kanada da Rasha, tabki kan daskare da hunturu har mutum ya yi tafiya bisa. Sai a huda ƙanƙara a zura ƙugiya. Kifin na raye a ƙasa, don ruwan gindin tabki na tsayawa wajen awo 4 na zafi, ba ya daskarewa. A Finlan irin wannan kamu na ƙugiya ɗaya ko takardar izini ba ya buƙata. Amma a koguna an hana taɓa kifin da ake kira salmon daga 1 ga Satumba zuwa 30 ga Nuwamba, don lokacin ne yake ƙwai. A Ingila kuwa, kifayen kogi masu ƙwai bayan hunturu an rufe kamunsu daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni.

Ku duba da kyau: watannin sun bambanta, dalilin ɗaya ne. Ana bin lokacin ƙwan kifi. Ba sai mun je nesa ba ma. A Argungu, cikin jihar Kebbi, ana tsare ruwan Matan Fada, ba a shiga sai ranar da anka ba da izini, shi ya sa ake fiddo manyan giwan ruwa ranar bikin. Tun 1934 ake wannan biki.

Tsarin da ya dace da mu

Namu lokacin ƙwai damina ne. Saboda haka a tabki mai riƙe ruwa duk shekara, shawararmu a rufe daga ruwan farko da ya cika shi, wajen Yuni ko Yuli, har ƙarshen Oktoba. Ba raga, ba birgi, ba mamari. In sabon zubi ne, a ƙara haƙuri har ɗiyan da anka zuba su girma su yi haihuwa ko sau ɗaya.

Lokacin ɗari, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin kamu. An gama aikin gona, haihuwar kifi ta lafa, kuma kifin da anka kama ba ya saurin ruɓewa kafin ya kai kasuwar Buza ko Madawa. Banda ma ta fi kyau cikin busasshiyar iska.

Amma a nan ne wasu garuruwa ke kuskure. Sun ji an ce rufewa na da amfani, sai su rufe tabkin da zai ƙafe har cikin Afrilu, suna jiran kifi ya ƙara girma. Ruwa ya ja, ya yi zafi, dabbobi sun dama shi, iskar da kifi ke shaƙa cikin ruwa ta ƙare. Wata safiya sai a tarda gargaza birjik ciki sama. Tarwaɗa kan jure don tana shaƙar iska a sarari, gargaza ba ta iyawa. Ruwan da kifi ya ruɓe ciki kuwa bai kamata a shayar da dabba da shi ba. Irin wannan tabki a yi masa su tun ruwa na kai ga ƙugu, a kwashe duka, in da hali a ɗebi ƙanana a kai wani ruwa mai zurfi tare da ma'aikatan gandun daji.

Haka nan tabkin da gargaza kaɗai ke ciki, in an daɗe ba a kama, sai ta cika shi da ƙanana masu tsawon yatsa, babu mai girma. Maganinsa kamu a kan kari, da zuba tarwaɗa kaɗan don ta rage ɗiyan.

Kayan kamu da abin da ya shafi makiyayi

Ko lokacin da ruwa ke buɗe, a kiyayi raga mai ƙananan ido. Mu dai muna cewa idon da bai ɗauki yatsa uku ba a bar shi gida. Sange kuma na kwana ne, ba na su ba. Zuba magimfa ko ɓawon aduwa ko maganin ƙwari cikin ruwa laifi ne. Tun dokar kamun kifi mai lamba 98-042 ta 7 ga Disamba 1998 anka hana guba da nakiya da lantarki.

Makiyayi ma na da nasa rabo. Maganin kaska da muke fesa ma dabbobi, musamman irin su deltametirin, ɗan kaɗan ya isa ya kashe kifi. Kada a wanke famfo ko gwangwanin magani a tabki, kada a yi feshi a bakinsa, kuma dabbar da anka fesa a shayar da ita a rijiya ranar nan. Su kuma masunta kada su kafa mamari a mashaya, don ƙugiya na shiga kofato da leɓen saniya.

Ranar rufewa da ta buɗewa, a yanke su gaban hakimi da sarkin ruwa da wakilin makiyaya da ma'aikacin gandun daji, a rubuta a kai ma magajin gari, sa'annan a yi shela ranar kasuwa, don baƙin masunta da masu zuwa cin rani su ji tun ba su jiƙa raga ba.