Akwatin Faɗakarwa Mai Maɓalli Guda

A farkon shekarar 2023, lokacin da sauya fasalin naira ya jawo ƙarancin takardun kuɗi, 'yan kasuwa da yawa a Birnin Kudu da kasuwar Sara ta ƙasar Gwaram suka koma biyan kuɗi ta wayar hannu. Sau da yawa sadarwa kan yanke ana tsakiyar turawa. A irin wannan hali, ɗan ƙaramin akwatin da ya fito a fuskar waya shi ne abin dogaron mai ciniki. In bai gane abin da akwatin ya ce ba, yana iya sake turawa, ya biya kuɗin buhu ɗaya sau biyu.

Shi dai wannan akwati ana kiransa akwatin faɗakarwa, kuma sassa uku gare shi: kanu, da saƙo, da maɓalli. Da zarar ya bayyana, sauran manhajar kan dushe a bayansa, don hankalin mutum ya tattaru a kan saƙon. Amfanin mai maɓalli guda shi ne sanarwa kawai. Wato ba shawara ake nema ba, so ake a tabbata mutum ya ga labari.

Ɗalibi na iya haɗa shi da App Inventor, wanda kamfanin Google ya fitar a 2010, daga baya ya koma hannun jami'ar MIT ta Amurka. Ba a biyan ko kwabo, kuma tubala ake jerawa maimakon rubuta dogon umarni. Ga matakan:

1. A shafin Designer, a jawo Button zuwa fuskar wayar.
2. A jawo Notifier. Shi ba ya fitowa a fuskar, sai dai a ga sunansa daga ƙasa.
3. A shafin Blocks, a ɗauko tubalin Button1.Click, a saka ShowMessageDialog a cikinsa.
4. A cika gurabe uku: message shi ne saƙo, title kanu, buttonText kuwa rubutun maɓalli.
5. A gwada a waya ta hanyar manhajar MIT AI2 Companion.

Haɗawar ba ta da wuya; zaɓen kalmomi shi ne babban aiki. Alal misali, akwatin da ya ce "Kuskure" kurum bai faɗa wa ɗan kasuwa ko kuɗinsa sun tafi ba. Wanda ya fi shi ne a sa kanu "Sadarwa ta yanke", saƙo kuma "Kada ka sake turawa sai ka duba ragowar kuɗinka", maɓalli ya ce "Na gane".

Haka kuma a kiyaye abu biyu. Na farko, kada a yi tambaya a wannan akwati, domin mai maɓalli guda ba shi da hanyar cewa a'a. Tambaya aikin ShowChooseDialog ne, mai maɓalli biyu. Na biyu, kada a yawaita shi. In yana fitowa a kan kowane ƙaramin abu, yatsa zai saba dannawa kafin ido ya karanta, ranar babban gargaɗi ma haka za a yi. Ƙananan labarai a bar wa ShowAlert, wanda kan ɓace da kansa.

Aikin aji: kowane ɗalibi ya rubuta faɗakarwar da ba ta wuce kalmomi 12 ba, ya karanta wa wani dattijo a gida. In dattijon ya faɗi abin da ya kamata ya yi, saƙo ya yi, in ya ce "Me ke nan?", a sake rubutawa.