Baƙin Ƙyalle a Damtse: Darasi Kan Haƙuri da Ra'ayin Wani

An rubuta wannan 'yar takarda ne don a yi mana tuni a kan wani hali da kan kama mutane duk lokacin da ƙasarsu ta shiga yaƙi. Da zarar an buga gangar yaƙi, sai ka ga wanda ya ce "a tsaya" ya zama abin ƙi, ko da kuwa jiya tare aka ci tuwo da shi. Za mu kawo labarin wasu yara 'yan makaranta a Amurka, sa'an nan mu ga darasin da ke ciki.

Labarin yaran Des Moines

A watan Disamba na 1965, Amurka tana tsakiyar yaƙin Biyetnam. A garin Des Moines na jihar Iowa, wasu ɗalibai suka yi shawara su ɗaura baƙin ƙyalle a damtse su tafi makaranta da shi. Nufinsu su nuna juyayin waɗanda ke mutuwa a yaƙin, su kuma goyi bayan kiran da ake yi na tsagaita wuta lokacin Kirsimeti. Ba ihu, ba jifa, ba kulle ƙofa. Ƙyalle ne kawai, faɗinsa bai wuce yatsu uku ba.

Shugabannin makarantun garin suka sami labari. Ranar 14 ga wata suka zauna suka kafa doka: duk wanda ya zo da ƙyallen a ce ya kwance, in ya ƙi a kore shi gida. Bayan kwana biyu, wata yarinya mai suna Mary Beth Tinker, 'yar shekara 13, ta shiga aji da nata. Haka Christopher Eckhardt, ɗan shekara 16. Kashegari wanta John, ɗan shekara 15, ya bi sahu. Duka aka sallame su, ba su koma ba sai bayan sabuwar shekara.

To, ba a makaranta abin ya tsaya ba. Mutanen gari suka ɗauki gaba da iyalin Tinker. Aka watsa musu jan fenti a gida, aka riƙa aiko musu wasiƙun zagi, ana bugo waya ana barazanar kisa. Lura da kyau, mai karatu: ba gwamnati ce ta watsa fentin ba. Talakawa ne irinmu.

Abin da kotu ta ce

Iyayen yaran suka kai ƙara, shari'a ta yi ta hawa har Kotun Ƙoli. Ranar 24 ga Fabrairu 1969 aka yanke hukunci: alƙalai 7 suka ba yaran gaskiya, 2 suka saɓa. Mai Shari'a Abe Fortas, wanda ya rubuta hukuncin, ya bayyana cewa ɗalibi da malami ba sa barin 'yancinsu na faɗin albarkacin baki a ƙofar makaranta. Wato a namu faɗin, 'yanci ba takalmi ba ne da za a tuɓe a bakin zaure.

Kotun ta lura da abu biyu. Na farko, ƙyallen bai hana kowa karatu ba, kuma tsoron cewa wataƙila rigima ta tashi bai isa hujjar rufe bakin mutum ba. Na biyu, a makarantun nan ɗalibai suna maƙala bajen jam'iyyun siyasa a riga ba wanda ya ce musu uffan. Ashe ba alama aka hana ba, ra'ayi guda aka ware aka hana. Nan ne zaluncin yake.

Ba su kaɗai ba ne

A 1918, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, an yanke wa Eugene Debs, jagoran ma'aikata a Amurka, hukuncin ɗaurin shekara goma saboda jawabin da ya yi na sukar yaƙi. Yana kurkuku ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1920, ya sami ƙuri'a fiye da 900,000. Muhammad Ali, zakaran damben duniya, ya ƙi shiga soja a 1967, lokacin yaƙin Biyetnam. Aka ƙwace kambunsa, ya yi fiye da shekara uku bai hau dandali ba, sai a 1971 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin da aka yi masa. Kafin Amurka ta fita daga Biyetnam ta yi asarar sojoji fiye da 58,000, kuma da yawa daga masu zagin Ali jiya suka koma yabonsa.

Kada a ce halin ƙasa ɗaya ne. A Rasha, cikin Maris 2022, an kafa doka mai ɗaurin da ya kai shekara 15 ga wanda aka ce ya yaɗa ƙarya game da sojan ƙasar. A birnin Saint Petersburg, wata mai zane, Aleksandra Skochilenko, ta cire 'yan takardun farashi a wani kanti ta maye su da rubutun ƙin yaƙin Yukiren. Wata mai sayayya ce ta kai ƙararta, kotu kuwa ta yanke mata shekara 7 a 2023.

Mu ma nan gida Nijeriya mun ɗanɗana. A 1967, farkon yaƙin basasa, Wole Soyinka ya tafi Inugu neman hanyar da za a kauce wa zub da jini. Da ya dawo aka tsare shi ba shari'a, ya yi fiye da shekara biyu, mafi yawanta a kurkukun Kaduna. Shi ne a 1986 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Nobel ta adabi.

Me ya sa mutane ke fusata?

Kada mu yi saurin la'antar masu fushin. Uwar da ɗanta ke bakin daga, in ta ga wani ya liƙa takarda a mota yana cewa yaƙin nan kuskure ne, ji take kamar an ce jinin ɗanta banza ne. Wannan zafi gaskiya ne, kuma wajibi ne mai ƙin yaƙi ya san da shi, ya tausasa harshe.

Amma fa a bambance tsakanin soja da wanda ya tura soja. Soja umarni yake bi; shugabanni ne ke yanke shawarar yaƙi, kuma shugabanni 'yan Adam ne, suna kuskure. In aka rufe bakin kowa, wa zai gaya musu sun ɓata hanya? Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Sau da yawa mai cewa a tsaya shi ne ya fi kowa son soja ya dawo gida da ransa.

Shin 'yancin ba shi da iyaka?

Yana da ita. Sashe na 39 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowa damar riƙe ra'ayi da bayyana shi ba tsangwama, sashe na 45 kuma ya yarda a yi dokar taƙaita shi don tsaron ƙasa da zaman lafiya, in dai dokar ta dace da mulkin dimokuraɗiyya. Wanda ya tona asirin inda sojoji suke, ko ya zuga a kashe wasu, ba ra'ayi ya faɗa ba, laifi ya yi. Amma ƙyalle a hannu, ko rubutu a riga, ko kwali a ɗage, ba su karya ƙashin kowa ba. Kuma ko an yi laifin, aikin alƙali ne, ba na taron kan titi ba.

Abin da ya kamata mu riƙe

Na ɗaya, in ka ga alamar da ba ka so, ka tuna idonka kawai ta taɓa. Ka wuce, ko ka tsaya ka tambayi mai ita dalilinsa.

Na biyu, magana da magana ake mayar da ita. In kana da hujja, kawo ta. Ɗaga naka kwalin kusa da nasa. Mai yage takardar wani ya nuna ba shi da amsa.

Na uku, kada ka kira ɗan ƙasa maci amana don ya saɓa maka. Kalma ce mai nauyi, kuma ita ce kan buɗe ƙofar duka da ƙone-ƙone.

Na huɗu, malamai da iyaye, in yaro ya zo da ra'ayi cikin ladabi, ku saurare shi kafin ku ɗauki bulala.

Na biyar, ka kare haƙƙin wanda ba ka yarda da shi ba. Yau kai ne cikin masu rinjaye, gobe kana iya wayar gari kai kaɗai ne mai ƙyalle a damtse. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wanda ya karanta wannan takarda, ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.