RUWA NA ƘASA SAI GA WANDA BAI TONA BA: HANYOYIN SAMAR WA ƊAKIN KARATUN MAKARANTA TALLAFI

Gabatarwa

Ni ba Bahaushiya ba ce. A bakin maƙwabtanmu na fara jin Hausa, amma a littafi na koyi rubuta ta, shi ya sa nake ganin girman ɗakin karatu. A lokacin dogon hutun da ya wuce na koma tsohuwar makarantarmu ta sakandare domin in taimaka wa yaran ƙaramin aji da darasin Hausa. Da na nemi littattafan da za mu karanta, sai aka haɗa ni da malamar da ke riƙe da makullin ɗakin karatu. Abin da na tarar ya sanyaya mini jiki. Littattafan Hausa ba su kai goma ba, su ma gara ta ci bayansu. A wata kusurwa kuma ga kwamfutoci an lulluɓe da zane, wai tun da aka kawo su ba a sami wutar da za a kunna su ba.

Na ce wa malamar mu rubuta wa TETFund takardar neman taimako, domin sunan da nake gani ke nan a jikin gine-ginen jami'armu. Allah Ya sa kafin mu aika na nuna wa wani malaminmu takardar. Ya yi murmushi ya ce, "'Yata, ƙofar da kike ƙwanƙwasawa ba ta gidanku ba ce." Daga nan na shiga bincike. A wannan ɗan rubutu zan kawo wa mai karatu abin da na gano, musamman ganin cewa da yawa daga cikinmu aikin koyarwa za mu kama, kuma a makarantu da dama malamin harshe ake miƙa wa makullin ɗakin karatu.

Ƙofofin Gwamnati

Abu na farko shi ne mutum ya san wace hukuma ce ke kula da wane mataki na ilimi.

TETFund ta samo asali ne daga asusun harajin ilimi da aka kafa a shekarar 1993, inda aka ɗora wa kamfanoni harajin kashi 2 cikin 100 na ribarsu. A wancan lokacin asusun yana taimaka wa makarantun firamare da na sakandare. Amma dokar shekarar 2011 ta taƙaita aikinsa ga manyan makarantun gwamnati, wato jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi. Saboda haka laburaren jami'a yana da rabo a can, na sakandare kuwa ba shi da shi. Kuskuren da na so in tafka ke nan.

Hukumar da ke da alhakin firamare da ƙaramar sakandare ita ce UBEC. Dokar shekarar 2004 ta ware mata aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. Sai dai kaso mafi tsoka na wannan kuɗi ba ya fita sai jiha ta ajiye nata rabin, sannan hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar, wato SUBEB, ta gabatar da tsarin ayyukan da za ta yi. Ma'anar wannan ga mai kula da ɗakin karatu ita ce, ba Abuja zai rubuta wa takarda ba. Buƙatarsa za ta bi ta hannun shugaban makaranta, ta je ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, sannan ta isa SUBEB kafin a kammala tsarin shekara. Makarantar da ba ta shiga tsarin ba, sai dai ta jira wata shekarar. Haka kuma UBEC tana da shirin inganta makarantu ta hannun kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wanda aka fi sani da SBMC. A wannan shiri kuɗin yana shiga asusun kwamitin ne, al'umma kuma ta kawo tata gudummawar, ko da ta yashi ce ko ta aikin ƙarfi.

Ta fuskar na'urori kuwa, akwai asusun USPF da ke ƙarƙashin Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, wanda dokar sadarwa ta shekarar 2003 ta tanada domin kai sadarwa wuraren da kamfanoni ba sa ganin riba. Wannan asusu ya kafa cibiyoyin kwamfuta da intanet a makarantun sakandaren gwamnati da dama. Akwai kuma shirin AGILE na ilimin 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a shekarar 2020 a kan dala miliyan 500. An fara shi a jihohi 7, wato Borno da Ekiti da Kaduna da Kano da Katsina da Kebbi da Filato, daga baya aka ƙara wasu. Shi ma yana ba makarantu kuɗin gyara ta hannun SBMC, kuma yana koyar da ilimin kwamfuta. Mai karatu zai lura cewa sau biyu ke nan sunan SBMC yana fitowa. Makarantar da kwamitinta ya mutu, ko ba shi da asusun banki, ta rufe wa kanta ƙofofi da hannunta.

Ƙofofin Ƙasashen Waje

Akwai ƙungiyoyin da ke bayar da littattafai kyauta. Misali, Books For Africa da aka kafa a jihar Minnesota ta Amurka a shekarar 1988 tana aiko da littattafai a cikin kwantena. Littattafan kyauta ne, amma kuɗin jirgin ruwa sai mai nema ya samo wanda zai biya, ga kuma ɗawainiyar fito da kaya daga tashar jiragen. Wannan ya fi ƙarfin makaranta guda, sai dai makarantun ƙaramar hukuma su haɗa kai, ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta ɗauki nauyi. Sannan a sani cewa akasarin irin waɗannan littattafai na Turanci ne. Mai neman littafin Hausa ba a kwantena zai same shi ba.

Ofishin jakadancin Japan ma yana da shirin tallafa wa ƙananan ayyukan al'umma, kamar gina ajujuwa da sayen kayan aiki. Irin wannan tallafi na gini ne da kaya, ba na albashi ko kuɗin gudanarwa na yau da kullum ba.

Sai dai akwai darasi a nan. Hukumar USAID ta Amurka ita ce ta ɗauki nauyin shirin da ya samar da littattafan koyon karatu na Mu Karanta ga yaran firamare a jihohin Bauchi da Sakkwato. A shekarar 2025 Gwamnatin Amurka ta rufe hukumar baki ɗaya. Wanda ya jingina ɗakin karatunsa ga baƙo kaɗai, ranar da baƙon ya naɗe tabarmarsa sai ya wayi gari hannu rabbana. Gaskiyar Hausawa da suka ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ƙungiyoyin Ma'aikatan Laburare

Tambayar da malamar ta yi mini ita ce, "To, ta ina mutum zai riƙa jin labarin waɗannan abubuwa?" Amsar ita ce ta bakin abokan sana'a. Ƙungiyar Laburare ta Nijeriya, NLA, tana nan tun shekarar 1962, kuma tana da rassa a jihohi. Ƙungiyar laburaren makarantu, NSLA, an kafa ta a shekarar 1977. Akwai AfLIA ta nahiyar Afirka mai hedikwata a Accra, wadda ke shirya horarwa ta intanet. Akwai kuma IASL ta duniya, wadda aka kafa a shekarar 1971. Ita ce ke jagorantar bikin watan ɗakunan karatun makarantu a kowane Oktoba, kuma tana da tallafin halartar taronta ga ma'aikatan ƙasashe masu tasowa. Sanarwar tallafi takan zo da wa'adi gajere. Wanda ba ya cikin ƙungiya, sau da yawa sai an rufe ƙofa labari ke iske shi.

Abin da Ba Ya Buƙatar Takardar Neman Tallafi

Wannan sashe shi ya fi faranta mini rai, domin a nan na sami maganin matsalar da ta kai ni ɗakin karatun. Akwai rumbunan littattafan yara da aka ba kowa izinin saukewa da bugawa da fassarawa ba tare da biyan ko kwabo ba. African Storybook na Afirka ta Kudu ya fara aiki a shekarar 2014, StoryWeaver na Indiya kuma a 2015, kuma dukkansu suna da labarai da Hausa. A shekarar 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya tare da UNICEF da Microsoft sun ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, mai darussa da Turanci da Hausa da Yarabanci da Ibo. Inda babu intanet, manhajar Kiwix tana ba mutum damar sauke Wikipedia ya ajiye a kwamfuta, Kolibri kuma tana raba darussa daga kwamfuta guda zuwa sauran na'urorin da ke ɗakin.

A nan ne mu ɗaliban Hausa muke da aikin yi. Wasu fassarorin da na gani suna da kurakuran ƙa'idojin rubutu, kamar rashin ƙugiya a kan haruffa da haɗe kalmomin da ya kamata a raba. Tun da an ba da izinin gyarawa da ƙara sababbi, me zai hana kowannenmu ya fassara labari guda kafin ya kammala digiri?

Yadda Ake Shirya Takardar Nema

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga matakan da na koya:

1. Ƙidaya. A buɗe rajista a rubuta kowane littafi da kujera da na'ura, da halin da suke ciki, da yawan ɗalibai maza da mata. Mai ba da tallafi adadi yake son gani, ba kuka ba.

2. Zaɓen buƙata guda. Takardar da ta nemi gini da littattafai da kwamfuta da janareto a lokaci ɗaya ba ta cika samun amsa ba. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

3. Karanta sharuɗɗa. Wa ya cancanta? Makarantar gwamnati ko mai zaman kanta? Wace jiha? Yaushe za a rufe?

4. Kasafin kuɗi na gaskiya. A je kasuwa a ji farashi, a karɓo shi a rubuce, kada a yi ƙiyasi daga zaune.

5. Wuta da tsaro da mai kula. Duk mai neman kwamfuta ya faɗi inda wuta za ta fito, ko ta sola ce, da yadda za a tsare ɗakin, da wanda za a horar, da inda za a sami kuɗin gyara bayan tallafi ya ƙare. Rashin wannan ne ya sa na tarar da kwamfutocinmu a ƙarƙashin zane.

6. Sa hannun masu iko. Takarda ta fita da sunan makaranta, da hannun shugabanta da na shugaban SBMC. Kada a bari kuɗin makaranta ya shiga asusun mutum ɗaya, komai amanarsa.

7. Rahoto. Idan an samu, a adana rasit, a ɗauki hotuna, a rubuta godiya da bayanin yadda aka kashe. Wanda ya yi bayanin kaɗan shi ake ba mai yawa.

Sannan a yi hattara da 'yan damfara. Duk saƙon da ya ce an zaɓi makarantarku amma sai kun biya kuɗin fom ko na dakon kaya zuwa asusun wani mutum, a tabbatar da shi daga ofishin hukumar kafin a fitar da sisi.

Kammalawa

Mai karatu zai so ya ji yadda muka ƙare. Mun yi mako biyu muna ƙidaya, ni da malamar da wasu ɗalibai. Shugaban makaranta ya kira taron SBMC, aka tura buƙatar littattafai ta hannun sakataren ilimi domin ta shiga tsarin shekara mai zuwa. Kafin nan muka kai lissafinmu wurin tsofaffin ɗalibai, suka ɗauki nauyin gyara kantoci biyu da buga labaran Hausa da na sauke a wayata. Kafin hutu ya ƙare na ga yaron da ba ya iya bambanta "kafa" da "ƙafa" ya karanta labari daga farko har ƙarshe, ya kuma tambayi ko akwai wani. Kwamfutocin suna nan a lulluɓe, amma yanzu mun san farashin solar da za ta tashe su, mun kuma san wanda za mu tunkara.

Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, duk wanda Allah Ya kai shi wata makaranta, ko aikin gwajin koyarwa ko hidimar ƙasa, ya nemi makullin ɗakin karatu ya leƙa. Idan na yi kuskure a Hausata, malamai da 'yan'uwa su gyara mini, har yanzu koyo nake yi. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.