Yadda Ake Haɗa Kyamarar Gwangwani Mai Hudar Allura

Kowace makarantar firamare a Dogon Daji, ko a ƙauyukan Tambuwal da Kebbe, tana iya nuna wa yara yadda haske ke tafiya ba tare da jiran kayan gwaji daga Sakkwato ba. Gwangwanin madara da allura da farar takarda su ne manyan kayan aikin. Ilimin ma daɗaɗɗe ne a wurinmu: Ibnul Haisam, haifaffen Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi bayanin hasken da ke shiga ɗaki mai duhu ta ƙaramar kafa a littafinsa Kitabul Manazir.

A wanke gwangwanin, a shafe cikinsa da baƙin fenti. A huda gindinsa da ƙusa. Sai a yanko ɗan falle daga gwangwanin lemo, a soke shi da tsinin allura kawai, kada hudar ta wuce rabin milimita, a liƙa shi a kan ramin ƙusar. Nan ne aikin yake, domin huda mai faɗi tana ƙara haske amma tana dagula hoton, mai kaushin baki kuma tana ɓata shi. Bakin gwangwanin a rufe shi da siririyar takardar da aka shafa wa man gyaɗa, a ɗaure da roba. Da hantsi, mutum ya sa baƙin zane ya lulluɓe kansa tare da takardar, ya saita hudar ga bishiya. Zai gan ta a juye, rassa ƙasa, gindi sama, saboda haske miƙe yake tafiya: na ƙololuwa ya ratsa hudar ya sauka ƙasa, na gindi ya hau sama.

Wani zai ce wahalar banza ce, tunda waya tana ɗaukar hoto. Gaskiya tana ɗauka, amma a rufe take aikinta, yaro ba ya ganin dalili. A gwangwani kuwa, da hannunsa zai faɗaɗa huda ya ga abin da ya canza. Masu cewa hoton dishi-dishi ne su ƙara toshe kafofin zanen, su ba ido minti guda ya saba da duhu. Ga kuma ranar husufi, irin na 29 ga Maris 2006 da ya ratsa arewacin Najeriya da Nijar: a ba rana baya, a bar haskenta ya bi ta hudar ya sauka kan takarda. Kada a kuskura a leƙa rana ta hudar, tana ƙona ido.